Mai Karɓa Bai Zo Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Gini ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya riske ni, ina tsaye a bakin ƙofar aji da alli a hannuna. 'Yarsa Saude ce ta kira daga Roni. Ta ce, "Malam Habibu, Baba ya cika bayan sallar asuba."

Na ce mata, "To."

To kawai na ce, kamar wanda aka aika kasuwa.

Yanzu na dawo daga jana'iza. Na kasa cin abinci, na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa nake rubutu. Zai yi tsawo. Wanda data ɗinsa ta kusa ƙarewa ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Da yawanku ba ku san shi ba. Sunansa Malam Inuwa, amma in ka shiga Roni kana neman Malam Inuwa sai a nuna maka mutum uku, babu shi a ciki. Baba Gini kowa ya sani. Yana saurayi ya bi kawunsa fatauci har ƙasar Gini. Kawun ya dawo, shi ya zauna. Mahaifiyarsa Bafulatana ce, ya tafi da Fillanci a bakinsa, ya ce Fulanin can sun yi wata guda suna dariyar maganarsa kafin su samo masa aikin lebura a matatar alumina. Daga ɗaukar shebur ya kai ga riƙe tankuna. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a ciki.

Ni kuma malamin kemistiri ne a nan Kazaure, kun sani. Duk shekara ina koyar da yadda ake samun alminiyam. Ina zana akwatuna da kibiyoyi a allo, yara su kwafa, su haddace, su zuba a jarrabawa, su manta. Ni ma haka aka yi mini.

A kasuwar Kazaure muka haɗu, wurin masu zubin tukwane. Maiɗakina ta aike ni sayen tukunya, ni kuma bakina bai iya shiru ba. Na tsaya ina yi wa mai zubi lacca kan asalin ƙarfen da yake narkawa, ina jefa Turanci nan da can. Wani tsoho yana zaune a benci yana ɓare goro. Ya bari sai da na kai aya.

Ya ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Shi ruwan nan da ka ce ana dafa dutsen a ciki, wane irin wari gare shi?"

Ina cikin sosa ƙeya, ya ƙaro wata.

"Dutsen fa, ka taɓa riƙe shi?"

Na ce, "A hoto na gan shi, Baba."

Ya ce, "Hoto ma wani abu ne." Ya miƙo mini rabin goronsa.

Wallahi da ƙasa ta tsage a ranar da na shige. Mai zubi ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma Baba bai yi dariya ba. Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini wani tabo fari fat daga wuyan hannu har gwiwa. Ya ce wannan ruwan ne, ɗan kaɗan ya fallatso masa. Sannan ya ce in ina da lokaci ranar Asabar in zo Roni, a tambayi gidan mai darbejiya biyu.

Haka aka fara.

Abu na farko da ya cire mini daga kai, ya ce su ba sa yin ƙarfe. Matatar alumina ba ta fitar da ko cokali. Jan dutse ake kawo musu, wanda ake kira boksait, su kuma su fitar da wani farin gari kamar gishiri. Garin nan shi ne alumina. Shi ake lodawa a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, ya tafi ƙasashen da ke da wutar lantarki mai yawa, a can ake mayar da shi ƙarfe.

Ya ce, "Shekara talatin ina yin garin tukunya, Malam, amma tukunyar gidana a kasuwa na saya."

Ya ba ni tarihin wurin kamar yana ba da labarin gidansu. Ya ce Turawa ne suka gina ta a tsakiyar daji tun ƙasar ba ta samu 'yanci ba, shi ma a bakin tsofaffin ma'aikata ya ji. Aka yi layin dogo, aka yi gidaje, aka yi asibiti, gari ya tashi a gindin bututun hayaƙi. Masu ita suka yi ta sauyawa. Kowane sabon mai gida ya zo da yarensa da kalar fentinsa, tankuna dai su ne. Daga ƙarshe, yana gab da ajiye aiki, aka tsayar da ita. Ya ce ya ga gari yana mutuwa a tsaye, fitilu suka ɗauke, kasuwa ta watse, mutane suka fara cire ƙofofi suna tafiya da su. Sai ya tattaro iyalinsa ya dawo Roni ya kama noman gero. Ya ji an sake kunna ta daga baya, amma ya ce ba tasa ba ce kuma.

Burinsa ɗaya ne. Yana so a rubuta yadda ake aikin da Hausa, daga fasa dutse har fitar gari, yadda ɗan Roni ko ɗan Gwiwa zai karanta ya gane. Ya ce wata rana za a gina irinta a ƙasar nan, kar a ce babu wanda ya taɓa sani. Idonsa ya yi rauni, hannunsa yana rawa, layi biyu in ya rubuta sai ya huta. Don haka shi zai faɗa, ni in rubuta.

Na ce na ɗauka. Babu wanda ya tilasta ni, da bakina na faɗa.

Baba ba ya tsallake mataki. Duk Asabar abu ɗaya. Na ce ya ba ni duka a zama biyu in ɗauka a waya, ya ce a'a, dutse ma ba ya tsallake tanki.

Asabar ɗin farko, niƙa. Yadda ake farfasa dutsen a niƙe shi da ruwa ya koma kamar ƙullun koko.

Sai dafuwa. A zuba ƙullun cikin manyan tukwane rufaffu da ruwan soda mai tsananin zafi. Soda ta narkar da abin da ake so ta bar sauran. A nan ya ba ni amsar tambayar kasuwa. Ya ce warin yana kama maƙogwaro kamar ka sunkuya a kan tukunyar sabulun salo, kuma in ya taɓa fata ba zafi za ka fara ji ba, santsi za ka ji. In ka ji santsi, ruga famfo.

Sai jan taɓo, wato dattin da ya rage. Ya ce an yi masa tafki guda a bayan matata, ko ciyawa ba ta fita a bakinsa. Ran nan bai yi raha ba. Ya ce shanun wani abokinsa sun taɓa kutsawa wurin, bai ƙarasa labarin ba.

Sai iri. Wannan ne wurinsa, nan ya yi yawancin shekarunsa. Bayan an tace ruwan, garin yana cikinsa a narke, amma ba zai fito da kansa ba sai an zuba masa kaɗan daga garin da aka riga aka samu. A kan wannan sabon yake taruwa. Don haka ba a taɓa sallamar gari duka, kullum sai an ware na komawa tanki. Ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar kwalba cike da farin gari. Ya ce daga tankinsa ne, ranar da ya bar wurin ya ɗebo.

Ya ce, "Ranar da muka gama, taka ce. Ka riƙa nuna wa yara, su daina gani a hoto."

Amma ba wannan ne ya hana ni cin abinci yau ba.

Akwai wata ƙa'ida da ya fi maimaitawa. Matata ba ta tsayawa, ba dare ba rana, ba Juma'a ba Sallah. In ruwan nan ya tsaya a bututu ya huce, daskarewa yake kamar siminti, sai dai a sa guduma. Saboda haka ma'aikaci ba ya barin wurinsa don agogo ya buga. Sai mai karɓarsa ya zo, sun zaga tankuna tare, ya faɗa masa wane famfo ke tari, wane bututu ke zufa, sannan su biyun su sa hannu a littafi. In mai karɓa bai zo ba, kana nan. Ya ce ya taɓa yin shif biyu a jere, nasa da na mai karɓarsa, ranar Babbar Sallah, yana jiyo kabbara daga masallacin idi, shi yana saman tanki.

Na ce, "Da ni ne, Baba, da na rubuta sunan mutumin nan da jan biro."

Ya ce, "Haba Malam. Ba a rubuta laifin mai karɓa a littafi, manya suna karantawa. Uzuri ake nema masa. Ka ce motar ma'aikata ta makara, ko ka ce ɗansa ba lafiya. Ko ka san barci ya yi, ka rufa masa asiri. In ya zo ka ja kunnensa tsakaninku."

Sai ya sa Saude ta sayo masa littafi mai bango shuɗi, irin na 'yan makaranta. Duk Asabar in mun gama, ya rubuta layi ɗaya da hannunsa mai rawa, ya sa hannu, ni ma in sa. Tun daga nan ya daina ce mini Malam Habibu. Da ya hango babur ɗina sai ya ɗaga murya, "Saude, kawo fura, mai karɓa ya iso."

Ina jin daɗin sunan, ba zan ɓoye ba.

Mutumin nan ya yi mini abin da ban yi masa ba. Lokacin da mahaifina ya kwanta a asibiti, Baba ya hau ɗan acaɓa daga Roni da kwanon fura a cinya, ya wuni a gefen gadon yana yi masa hira, alhali ranar suka fara ganin juna. Ma'aunin ɗakin gwaje-gwajenmu da ya shekara a lalace, ya ce in kawo, ya gyara shi da allura da man keke. Ya taɓa zuwa ajina sau ɗaya. Wata ɗaliba ta kawo masa jan dutse daga bayan gidansu ta ce ko shi ne. Ya juya shi, ya sinsina, ya ce, "Wannan na gini ne, 'yata, amma idonki yana aiki, ki ci gaba da dubawa." Yarinyar yanzu cewa take in ta shiga jami'a kemistiri za ta karanta.

Ban taɓa barin gidansa hannu sake ba. Gyaɗa, ko ƙwai, ko zogale. Tsohuwar hular kwanonsa ta aiki ma a ciki kazar gidan take ƙwai, ya ce ita ce ta gaje shi.

Abu biyu suka rage mana. Gashi, wato yadda ake gasa garin a wani dogon tanderu mai juyawa har ya bushe ƙarau. Sai na ƙarshe, wanda ya ce babu shi a littafin kowane Bature: yadda ake kwantar da matata a hankali in dole ta kama, ba tare da bututu ya toshe ba, da yadda ake tayar da ita. Ya ce a kunne da tafin hannu yake, kuma waɗanda suka sani tare da shi yawanci sun riga mu gidan gaskiya.

Asabar biyu kacal.

Sai na daina zuwa.

Zan iya ce muku makin jarrabawa ne ya riƙe ni. Zan iya cewa damina ce, hanya ta ɓaci. Ƙarya ne. Na samu abin da nake buƙata na aji, har an fara yaba mini a makaranta. Baba kuma yana maimaita labari, wanda ya ba ni makon jiya ya sake ba ni yau, ni ina satar kallon waya. Aka dawo da ƙwallo, ranar Asabar ake bugawa. Na ce wannan makon dai in huta, mai zuwa na je. Mai zuwa ya zo, na ce na gaba.

Roni fa. Ba Legas ba, ba Gini ba. Wurin da babur ɗina ke zuwa kafin shayi ya huce.

Ya kira ni sau biyu. Na farko na ɗauka na ce ina wani taro. Na biyu na kalli sunansa a waya har ta gama ƙara.

Ganinmu na ƙarshe mako uku ke nan, a tashar Kazaure. Saude ta kawo shi ganin likita, suna jiran mota ta cika. Na hango su, kuma Allah ya sani na so in zille, sai dai ya riga ya gan ni. Ya rame. Rigar da na sani ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi, na fara jero dalilai, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ya jikin Alhaji?" Mahaifina yake nufi.

Na ce da sauƙi.

Ya riƙe hannuna, ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Mai karɓa, shif ɗin nan ya yi tsawo. Ƙafafuna sun fara gajiya."

Na yi dariya. Ku ji fa, dariya na yi. Na ce, "Asabar ɗin nan, Baba, in sha Allahu."

Ya ce, "Ina wurina."

Mota ta cika, za su tafi. Na saya masa lemo na miƙa ta taga, na ji kamar na yi wani abin kirki.

Asabar uku suka wuce bayan nan.

Yau bayan an dawo daga maƙabarta, ana zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, aka ce Saude tana kirana daga zaure. Na shiga. Ba ta yi mini kallon banza ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta miƙo mini littafin nan mai bango shuɗi.

Ta ce, "Malam, ya ce naka ne. Duk Asabar sai ya sa na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, in dama fura kofi biyu. Ya zauna da littafin da kwalbar nan har la'asar. In na ce ya shiga ciki ya kwanta, sai ya ce ba a barin wuri."

Na ce, "Bai faɗa miki sauran ba? Ko ya sa wani ya rubuta?"

Ta ce, "Na roƙe shi. Na ce ya faɗa in ɗauka a waya in ajiye maka. Ya ce ba a miƙa aiki ga wanda ba ya nan, kana tafe."

Na buɗe littafin a nan zauren.

Shafukan farko na san su, ga sa hannunsa, ga nawa. Daga inda na daina zuwa, layi ɗaya ne kowace Asabar.

Mai karɓa bai zo ba. Makin jarrabawa ya yi masa yawa.

Mai karɓa bai zo ba. Babur ɗinsa ya tsufa.

Mai karɓa bai zo ba. Mahaifinsa ba ya jin daɗi.

Haka har Asabar tara. Kowanne da sa hannunsa a ƙasa, gefen nawa babu komai. Rubutun yana ƙara karkacewa, na ƙarshen sai da na kai shi bakin ƙofa wurin haske kafin na iya karantawa. Na Asabar ɗin da ta wuce ne.

Mai karɓa bai zo ba. Ruwa ne ya tare shi. Ina wurina.

Jama'a, ba a yi ruwa ranar Asabar ba. Ko ɗigo. Rana aka ƙwalla tun safe har yamma, a Kazaure da Roni duka. Ina gidan kallo da riga mai lamba a baya, ina ihu kan wasu mutanen da ba su san ina duniya ba. Shi ma ya san ba a yi ruwa ba, a waje yake zaune.

Uzuri ya nema mini. Har uzurin ya ƙare masa ya ƙirƙiro ruwa.

Ya ce in mai karɓa ya zo ana jan kunnensa tsakaninku. Na zo yau, babu mai ja.

Saude ta miƙo kwalbar ma. Na ce ta ajiye, cewa ya yi ranar da muka gama, kuma ba mu gama ba. Ta ce ita ba ta san abin da za ta yi da ita ba. Ta sa mini a aljihu da kanta. Ga ta nan a kan tebur ina kallonta, ban san da wane ido zan nuna wa yara ita ba.

Abin da na rubuta yana nan, kashi huɗu. Ya tsaya a iri. Gashi zan iya nema a littattafai in yi ƙoƙari. Na ƙarshen kuwa babu inda zan same shi, wanda ya san shi da hannuna na taya zuba masa ƙasa yau da hantsi. Don Allah kar wanda ya rubuto mini cewa haka Allah ya ƙaddara. Na sani, na yi imani. Ajalinsa ba a hannuna yake ba. Asabar tara kuwa a hannuna suke.

Na ɗauki biro ɗazu in sa hannu a layin ƙarshe, na fasa. Ban karɓi komai ba.

Ya Allah, ga bawanka Inuwa ya zo gare Ka. Bai taɓa barin wurin da aka ba shi amana ba, Ka ba shi hutun da bai samu a nan ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa shi. Yadda ya rufa mini asiri a littafinsa alhali ya san gaskiya, Ka rufa masa nasa ranar da za a buɗe littattafai. Ka ba Saude da 'yan'uwanta haƙurin rashinsa.

Ku da kuka karanta har nan, ina roƙonku, kar ku tsaya a danna alamar kuka. Ku karanta masa Ƙulhuwallahu, ku ambaci sunansa, Malam Inuwa na Roni, a sujadarku ta yau. In da sauran wuri a addu'ar, ku sa ni, ku roƙa mini Allah ya yafe mini. Shi Baba na san ya yafe, da hannunsa ya rubuta har sau tara, kuma wannan ne na kasa ɗauka.

Allah ya jiƙan Baba Gini. Amin.